Aibu Uku a Jikin Bagadi

Na yi shekara arba'in da 'yan kai ina riƙe da zarto, ranaku da yawa sun ɓace mini, amma har gobe ban manta da ranar da mutum uku suka tsaya a kaina suna kushe aikina ba, alhali kowane aibu da suke nunawa ɗaya daga cikinsu ne ya roƙe ni in yi shi. Tunda yau kun tono tsohon zanen nan daga ƙasan akwati kuna tambayar ko na mene ne, ku ajiye samfefa ku saurara.

A shekarar 2004 ne, bayan an gama girbin dawa, lokacin shagona yana Rikoto, cikin garin Zuru. Wata majami'a ta bayan dutse ta gama sabon gini, aka ba ni aikin bagadi. Ga wanda bai sani ba, bagadi shi ne teburin da ke can gaba, inda fasto ke tsayawa ya ba da Jibin Ubangiji, wato gurasa a faranti da ƙoƙon ruwan inabi. Ni Musulmi ne, amma a Zuru wannan ba abin mamaki ba ne. Ƙanen mahaifiyata ma dattijon coci ne, kuma ni na yi masa gado da ƙofa.

Kwamitin aikin mutum uku ne. Shugaba shi ne Samanja Dauda, tsohon soja mai ritaya. Samanja a bariki shi ne wanda in aka ji takunsa har hafsoshi sai sun gyara tsayuwa, kuma nasa halin bai yi ritaya tare da shi ba. Sai Mama Saratu, shugabar zumuntar mata, wadda muryarta ke kaiwa kasuwa ba tare da lasifika ba. Na uku shi ne Baba Fasto Markus, dattijo mai shekara saba'in ko kusa, wanda ya yi shekara goma sha biyu yana bin jama'arsa har ginin ya tashi, mata na ɗauko yashi a ka daga rafi, maza na buga bulo.

Tsarin irin wannan aiki shi ne ka je ka yi awo, ka zana, kwamiti ya duba ya sa hannu, daga nan ba a ƙara ba a ragewa sai da izininsu. Na zana tebur mai tsawon ƙafa shida, faɗi ƙafa biyu da rabi, a bisa dandamali mai matakala biyu. Katakon maɗaci ne da na samo daga wajen Wasagu, ya shekara biyu yana bushewa a inuwa. Teburin kansa babu ƙusa ko ɗaya a jikinsa, sai dai a fafe rami a wannan katako, a fere bakin wancan ya shiga ciki, a sa gam. Na ci buri a aikin nan, ba zan ɓoye muku ba. Samanja ya duba zanen kamar taswirar yaƙi, ya sa hannu, ya ce za a keɓe majami'a, wato a yi bikin buɗe ta da addu'a, nan da mako shida, kuma Rabaran, wato babban faston da ke kan gundumar, zai zo da kansa.

Kwana uku da fara aiki, da hantsi, sai ga Baba Fasto a bayan babur. Ya sallami mai babur, ya shigo yana miƙa wa bangon shagona hannu yana cewa, "Sannu da aiki, Malam Garba." Na zagayo na kama hannun. Ya zauna a kan benci, sannan ya ce, "Zan gaya maka abin da matata kaɗai ta sani. Idona ya tafi. Fari da baƙi kawai nike rarrabewa, su ma sai sun matso."

Na zauna kusa da shi. Ya bayyana mini cewa a dokar ikilisiyarsu, faston da ba ya gani hutu ake ba shi, kuma in Rabaran ya sani, takarda za ta zo kafin ranar keɓewa. Karatu ba ya damunsa, don ayoyin suna kansa. Abin da yake tsoro shi ne ya miƙa hannu a gaban jama'a ya ture ƙoƙo.

"Ba kujera nike riƙewa ba," in ji shi. "Sau ɗaya tak nike so in ɗaga ƙoƙo a bisa wanga bagadi. Daga nan ni da bakina zan faɗi."

Abin da ya roƙa shi ne in yi tsaga a gefen teburin ta wajen da yake tsayawa, ɗaya daidai wurin faranti, biyu daidai wurin ƙoƙo, uku daidai wurin Littafi, domin yatsansa ya riƙa nuna masa. Ya ce ni ya zaɓa ya gaya wa don ba na zuwa cocinsu, ba ni da wanda zan yi gulma da shi a can. Na yi masa alkawari. Bayan ya tafi na ɗauki cizal na sassari gefen da na kwana biyu ina gogewa, raina yana ƙuna kamar jikina nake yanka.

Mako bai cika ba sai ga Samanja da sandarsa a hammata. Ya leƙa hagu, ya leƙa dama, ya tura ƙofar shagon da ƙafa.

"Kafinta! Abin da zan faɗi sirrin soja ne. In ya fita, daga bakinka ya fita."

Na ce, "To, Yallaɓai."

"Fasto ba shi gani."

Na buɗe baki na riƙe haɓa, na yi mamakin da ban taɓa yin irinsa ba. Ya ce tun bara ya gane, ranar da Fasto ya gai da itacen gwanda yana ce masa Samanja. Ya ce ba wanda ya sani sai shi, kuma Fasto bai san ya sani ba. Damuwarsa ita ce dandamali: ta yaya mutumin zai san ya iso gaban tebur, kada ya yi karo da shi? Ya ce a daji soja da kunne yake tafiya, saboda haka yana so katakon ƙarshe, wanda ke daidai inda Fasto zai tsaya, ya riƙa yin ƙara in an taka.

Na ce, "Yallaɓai, shekara ashirin ina koyon yadda katako ba zai yi ƙara ba."

"To yau ka koyi yadda zai yi. Wagga oda ce."

Haka na zare ƙusa biyu daga katakon, na fere ƙasansa kaɗan, na yi ta gwadawa har ya riƙa yin ƙiiii kamar ƙofar tsohon rumbu. In kun ga kafinta yana tsalle a kan aikinsa yana murna ya yi kuka, to ni ne ranar.

Ranar kasuwa kuma sai ga Mama Saratu da ƙullin gyaɗa. Ta ce magana za ta yi a hankali, amma sai da na ja ta can ƙuryar shago, don nata a hankalin maƙwabcina mai faci yana ji.

"Ɗana, don girman Allah ka riƙe wannan a cikinka. Baba Fasto ido ya tafi."

Na sake riƙe haɓa. A lokacin na fara ƙwarewa.

Ta ce ran wata Lahadi ya riƙe littafin waƙa a kife tun daga farko har ƙarshe, ita kuwa ta ɗaga murya ta ja mata suka yi ta rerawa don kada hankalin kowa ya kai wurin. Ta ce ita kaɗai ta lura, maza ba su ganin komai, balle wancan Samanja da ba ya ganin kowa sai takalminsa. Ta lura Fasto yana gane farin abu, don haka tana so in bi bakin matakala da gefen tebur da siririn farin katako. Farin katakon da ke hannuna malaina ce, irin wadda ake yin akwatin tumatir da ita. Ku da kuke cikin sana'a kun san haɗa maɗaci da malaina kamar a ɗinka wa babbar riga aljihu da buhun taki ne. Na yi, don na riga na ce to.

Ranar Laraba ta makon ƙarshe muka kai aikin majami'a a motar ɗaukar kaya, aka girka, kwamiti ya zo dubawa. Wannan ita ce ranar da na ce muku ban manta ba.

Samanja ne ya fara, ya zagaya bagadin sau biyu, ya tsaya, ya nuna farin katakon da sanda. "Mi ne ne wanga? Bagadi munka ce ko bodin mota? Yana cikin zane?"

Na kalli Mama. Mama ta kalli rufin kwano. Na ce, "Yallaɓai, sabon yayi ne, haka ake yi yanzu a manyan birane."

Mama kuwa, don ta kawar da maganar, sai ta hau shafa gefen tebur, yatsanta ya faɗa cikin tsagar Fasto. Ta rafka salati irin nasu. "Wayyo Yesu! Ɗana, gara ta ci ko ɓera? Har wuri uku!"

Na kalli Baba Fasto. Shi ko ya ga dama ba zai iya kallona ba. Na ce, "Mama, wurin shan iska ne. Maɗaci in bai sha iska ba tsagewa yake yi."

"Shekara nawa ina da turmin maɗaci, bai taɓa neman iska ba."

Nan Baba Fasto ya ga an matsa wa tsagarsa, sai ya tako don ya raba gardama. Ya hau matakala, ya taka katakon Samanja, katako ya ce ƙiiii. Ya ja da baya ya sake takawa, ya sake cewa ƙiiii. Fuskarsa ta canza. Ya ce, "Malam Garba, wannan fa? A ɗakin Allah, a gaban Rabaran, ana tsakiyar addu'a abu ya riƙa kuka kamar ɗan akuya?"

Na kalli Samanja. Samanja yana duba farcensa.

Daga nan kowa ya samu abin kamawa. Samanja ya ce a cire fari, Mama ta ce a toshe tsaga, Fasto ya ce a kashe ƙara. Kowannensu yana kare nasa ta hanyar zafafa wa na wani, ni kuwa ina tsakiya. Kalma ɗaya zan faɗa in wanke kaina, amma kalmar nan za ta tona dattijon da ya miƙa wa bangona hannu. Sai na sha toka, na ce ni ne kafinta, haka aikina yake, ba zan taɓa ko ɗaya ba. Samanja ya ce da a bariki ne da na kwana a gadurum. Kafin la'asar labari ya zagaye Rikoto cewa hannun Garba ya lalace, har wani malamin makaranta da ya ba ni aikin kabad ya aiko a dakata tukuna. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, don mai sana'a ba shi da abin da ya fi sunansa.

Ranar Asabar bayan azahar na koma don in yi shafar folish ta ƙarshe. Ina shiga na ji wani wari da na sani, warin bariki. Na duba, farin katakon nan ya zama baƙi ƙirin, an bi shi da man takalmi tun daga matakala har gefen tebur, an goge yana ƙyalli. Aikin Samanja ko a duhu ka san shi. Na shafa gefen tebur, tsaga duk ta ɓace, an cike ta da sabulun wanki an lailaye da kyau, wannan kuma hannun Mama ne. Na taka katakon ƙarshe, shiru. Na durƙusa na ga ƙusa inci shida guda huɗu, uku sun lanƙwashe, ɗaya ma a gefe ta shiga, ga sawun guduma ko'ina kamar an yi sussuka a wurin. Ina cikin haka sai ga Baba Fasto ya shigo, babban yatsansa na hagu naɗe da tsumma.

Na ce, "Baba, me ya sami hannu?"

Ya ce, "Ƙofa ce ta datse ni."

Na zauna a kan matakala na rasa ko dariya zan yi ko kuka. Mutum uku masu ƙaunar mutum ɗaya, cikinsu har da shi kansa, sun bi sun rushe duk abin da zai taimake shi, kowa yana ganin gyara ya yi. In aka wayi gari haka, gobe dattijon nan zai hau matakalar da ba ya gani, ya yi karo da tebur, ya lalubi ƙoƙo a wurin da babu alama.

Na ce masa folish ba ya son mutane, ya fita. Na kankare man takalmi da samfefa har fari ya dawo, na ƙwaƙule sabulu da bakin ƙusa, na zare ƙusoshin Baba ɗaya bayan ɗaya, na yi ta tsalle har katako ya dawo da muryarsa. Da na gama na kulle majami'ar na sa makulli a aljihu, na aika wa kwamiti cewa duk wanda ya shiga kafin safiya sawunsa zai fito a folish, kowa ya gan shi. Da safe Mama ta zo da farin ƙyalle mai ado wanda zai rufe teburin har ƙasa. Na ce gefen Fasto bai bushe ba, dole a naɗe ƙyallen ya bar tafin hannu guda. Ta harare ni ta ce tun da take ba ta taɓa ganin kafinta mai taurin kai irina ba.

Ban tafi gida ba. Na tsaya a waje ta bakin taga, inda nake hango bagadi da fuskokin na gaba. Majami'a ta cika har waje, tsofaffin sojoji sun sa lambobinsu, Rabaran yana zaune a kujerar gefe da tabarau. Da lokacin Jibi ya yi, Baba Fasto ya miƙe.

Ya tako a hankali, kansa a sunkuye, ya tsaya daidai farin layi, ya ɗaga ƙafa ya hau na farko, ya hau na biyu, ko tuntuɓe babu. Na ga Samanja ya bi ƙafar da kallo, ya kalli farin katakon, ya juya ya kalli Mama. Baba ya ƙara taku biyu, katako ya ce ƙiiii, yara suka ƙyalƙyale, shi kuwa ya tsaya cak, tafin hannu guda tsakaninsa da tebur. Mama ta sa hannu ta rufe baki, ta juya ta kalli Samanja. Sannan Baba ya ɗora yatsansa mai tsumma a gefen tebur yana addu'a, yatsan yana tafiya a hankali. Ya wuce tsaga ɗaya, ya ɗauki gurasa ya kakkarya. Ya kai tsaga biyu, ya miƙa hannu kai tsaye ya ɗaga ƙoƙon sama da hannu biyu, ko ɗigo bai zuba ba. Samanja, mutumin da aka ce ko a jana'izar ɗan'uwansa bai yi hawaye ba, ya ƙame kamar a fareti ruwa yana bin kumatunsa. Mama ta ɗauki waƙa, muryar ta ƙi fita, sai mata suka karɓa.

Bayan an tashi ina shirin sulalewa, sai Rabaran ya yafuto ni bayan gini. Ya ce, "Kai ne kafinta? Zan gaya maka wani abu, amma ya tsaya tsakaninmu."

Na ce a raina, to, ga na huɗu.

Ya taɓa aljihun rigarsa ya ce takardar hutun Fasto Markus wata huɗu ke nan tana ciki, kullum sai ya manta bai miƙa ba. Ya ce ya shiga majami'u da yawa, bai taɓa ganin bagadin da aka auna da mutum irin wannan ba. Wannan karon ban riƙe haɓa ba, na gaji.

Lahadin da ta biyo Baba Fasto ya tsaya ya gaya wa jama'a da bakinsa cewa idonsa ya tafi, kamar yadda ya yi alkawari. An ce majami'a ta yi ta salati da mamaki, Samanja ya fi kowa. Ran Litinin Baba Fasto ya zo shagona, wannan karon da sanda a hannu, ya zauna a benci.

Ya ce, "Malam Garba, tsaga tawa ce. Ƙara ta wa ce?"

Na ce, "Baba, na yi alkawari."

"Farin fa?"

"Shi ma na yi alkawari."

Sai kafaɗunsa suka fara rawa, ya yi ta dariya har yana share ido da yatsan nan mai tsumma. Ya ce, "Ashe shekara guda ina ɓuya a tsakiyar fili. Kuma na ɗauki guduma na kashe abin da aka yi domina." Da zai tafi ya riƙe hannuna ya ce kada in gaya musu ya gane, a bar kowa da ladansa. Alkawari na biyar ke nan a aiki ɗaya.

Yau Baba Fasto da Samanja da Rabaran duk sun riga mu gidan gaskiya, Mama Saratu kuma da kanta ta ce in faɗa, wai ta gaji da jin ana cewa Garba ya taɓa yin aikin banza. Malamin nan bai dawo da aikin kabad ɗinsa ba, kuma ban bi shi ba.

Abin da na koya, wanda nake so ku riƙe, shi ne awo ba a katako yake ƙarewa ba. Kafin ka ɗora tef, ka dubi wanda zai tsaya a gaban abin, ka san ƙafarsa da hannunsa da abin da yake jin kunyar faɗa. In kuma an kira ka gyara, ka tarar da wani abu a aikin wani kafinta da ya yi maka kama da kuskure, kada ka yi saurin ɗaukar guduma, ka fara tambaya ko don wa aka yi shi.

Fastoci uku sun zo bayan Baba Markus, duk masu lafiyar ido, kuma kowannensu ya aiko a kira ni in kashe ƙarar nan. Duk lokacin da na je da kayan aiki sai in tarar da dattawa zaune a bakin ƙofa, su ce in koma, babu abin da ya lalace. Bara na wuce ta wurin ran Lahadi a kan babur, na rage gudu daidai taga. Ana tsakiyar addu'a na ji katakon ya ce ƙiiii, kuma ko yaro ɗaya bai yi dariya ba.